Daga Cokalin Nono Zuwa Lomar Burodi: Tarihin Abinci Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Ranar 29 ga Janairun 1881, a babban asibitin Biyana, fadar daular Ostiriya, likita Theodor Billroth ya buɗe cikin wata mata mai shekara 43, Therese Heller, wadda ciwon daji ya toshe wa mafitar tumbi. Ya yanke wurin da ya lalace, ya haɗa ragowar tumbin da hanji, ya ɗinke. Likitoci biyu sun riga shi gwada wannan aiki, amma majinyatansu ba su kai labari ba. Ita kuwa ta farfaɗo, kuma farfaɗowar tata ta zo da tambayar da babu littafin da ya tanadar mata amsa: me za a ba mutumin da aka rage wa tumbi ya ci?

Billroth ya bi a sannu, ya kuma rubuta abin da ya yi cikin wasiƙar da ya aika wa mujallar likitocin birnin. Ranar farko ƙanƙara kawai aka bar ta ta tsotsa. Washegari aka fara ba ta nono mai tsami, cokali ɗaya kowace awa, daga baya aka mai da shi kowane rabin awa. Ta warke daga yankan ta koma gida, sai dai dajin ya riga ya bazu, bayan wata huɗu rai ya yi halinsa.

Heller a rame ta zo asibiti, ba ruwanta da ƙiba. Amma duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a yau, a Alƙahira ne ko Istanbul ko Shikago, daga wannan cokalin yake farawa. Ana sallamarsa da takarda mai matakai: ruwa-ruwa, sai niƙaƙƙe, sai mai laushi, sannan abinci sosai. Masu ba da shawarar abinci a asibitocin sun haddace tambayoyin da ke biyo baya. Yaushe zan ci burodi? Taliya fa? Zan sake shan ayis kirim kuwa? Abincin da mutum ya tashi da shi yake tambaya, wanda yake nema idan ransa ya ɓaci, ko ya kwaso gajiya, ko an taru a gida. Amsar likitoci ta sauya sau da yawa cikin shekara 70, kuma kusan kowane sauyi sai da wasu majinyata suka ji jiki kafin a yi shi.

Makarantar farko gyambon ciki ne. A rabin farko na ƙarni na 20, kafin a gano cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa, wannan ciwo ya cika asibitocin Turai da Amurka. Wanda nasa bai yi tsanani ba akan ɗora shi kan tsarin Bertram Sippy na Shikago, wanda ya fito a 1915: madara da kirim kowace awa tun safe har dare, da hodar kashe tsami a tsakani. Wanda nasa ya gagara kuwa sai wuƙa. Akan cire rabin tumbi ko kashi biyu cikin uku, a haɗa ragowar da hanji bisa salon Billroth, wani lokaci kuma bisa ɗinkin da César Roux na Lozan a Suwizalan ya ƙirƙiro a shekarun 1890, mai raba hanji gida biyu a siffar harafin Y.

Waɗannan mutane ne suka fara kawo ƙarar wani baƙon ciwo. Mutum ya sha shayi mai suga ko ya ci kek, ba a yi rabin awa ba sai zufa ta karyo masa, zuciya ta kama dukan uku-uku, jiri ya ɗebe shi, ciki ya murɗa, ya shiga neman wurin kwanciya ko bayi. Arthur Hertz ya bayyana shi a Landan a 1913. Dalilinsa ba shi da wuyar ganewa. Lafiyayyen tumbi yana da ƙofa a ƙasansa wadda ke sakin abinci kaɗan-kaɗan. Idan aka cire ƙofar ko aka kauce mata, abinci yakan faɗa cikin ƙaramin hanji gaba ɗaya, yadda tifa ke juye yashi. In mai zaƙi ne sai ya jawo ruwa daga jini zuwa cikin hanji, shi ne jirin da gudawar. Akwai kuma zango na biyu, bayan awa ɗaya zuwa uku: sugan ya shiga jini a guje, jiki ya saki insulin fiye da ƙima, sugan ya faɗi warwas, mutum ya hau kyarma. Wannan shi ne ciwon juye. Masu shi suka koyi gudun zaƙi, da cin abinci kaɗan-kaɗan sau shida a yini, da raba ci da sha. Da yawansu suka rame suka kasa mai da jiki, likitoci kuma suna lissafa ramar cikin illolin aikin.

Duk da haka, da aka tashi yi wa ƙiba tiyata, hanji aka fara taɓawa. A 1952 Viktor Henriksson na Suwidin ya yanke kimanin mita ɗaya na ƙaramin hanjin wata mata. A Jami'ar Minisota, Richard Varco ya gwada kauce wa mafi yawan hanjin a 1953, shekara ta gaba kuma Arnold Kremen da John Linner suka wallafa gwajin da suka yi a kan karnuka. Wanda ya yaɗa aikin shi ne Howard Payne na Los Anjelis, wanda a 1969 ya tsayar da awo: inci 14 daga farkon ƙaramin hanji, a haɗa shi da inci 4 na ƙarshensa. Hanjin da ya kai mita shida ya koma ƙasa da rabin mita, sauran yana kwance a ciki ba ya aikin komai.

Farin jinin wannan aiki a shekarun 1970 dalilinsa ɗaya ne: bai taɓa faranti ba. Ci abin da ka ga dama, zai wuce bai shiga jiki ba. Ga wanda ya ƙare rayuwarsa ana ƙirga masa loma, babu albishir da ya kai wannan. Nauyin kuwa ya sauka, amma an biya da tsada. Duk abinci mai maiƙo yakan koma gudawa, wasu sau goma a yini. Ƙwayoyin cuta suka yi sansani a hanjin da aka rufe, gaɓoɓi suka kumbura, hanta ta fara lalacewa, wasu har ta kai su kushewa. Wani rahoto daga Jami'ar Fulorida a 1983, wanda ya bi diddigin mutum 100, ya nuna fiye da rabinsu na fama da gudawar da ba ta yankewa, ɗaya cikin biyar kuma ya yi tsakuwar ƙoda. Zuwa lokacin an daina aikin kusan ko'ina, ana ta kwance wa waɗanda aka yi wa.

Kafin a binne shi ya bar wata alama da ba a kula da ita ba sosai. George Bray da abokan aikinsa sun auna abin da waɗannan majinyata ke ci, suka bayyana a 1976 cewa cin nasu ya ragu ƙwarai, zaƙi kuma ya daina burge su kamar da. Aikin da aka tsara don mutum ya ci son ransa ya koma ya sauya masa son ran. Sai da aka kwashe kusan shekara 30 kafin a gane ma'anar wannan.

A zamanin ne ma wasu likitoci a Ingila da Ostireliya suka riƙa ɗaure wa masu ƙiba muƙamuƙi da waya na tsawon watanni, su rayu da madara da romo. Suna ramewa, ana kwance wayar, suna mayarwa. John Garrow na Landan ya ƙara da ɗaura musu igiyar nailan a ƙugu, wadda za ta riƙa matse su da zarar teɓa ta fara dawowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da ake yi wa mai ƙiba a lokacin: mutum ne da bakinsa ya fi ƙarfinsa, sai an sa masa takunkumi.

Edward Mason na Jami'ar Ayowa, wanda ya koyi aiki a Minisota, shi ne ya tuna da masu gyambon ciki. Tunda rage tumbi yana ramar da wanda ba ya so, me zai hana a yi wa mai so? A 1966, tare da Chikashi Ito, ya raba tumbi biyu ba tare da ya cire komai ba, ya bar 'yar jaka a sama, ya haɗa ta da hanji kai tsaye. Ita ce tiyatar baifas ta farko. A 1977 Ward Griffen na Kentaki ya mai da haɗin zuwa salon Roux don kada ruwan ɗaci ya riƙa komawa sama, kuma a haka ake yin ta har gobe. Jakar ta yi ta ƙanƙancewa har ta tsaya a kimanin mililita 30, girman ƙwai.

Baifas ta zo goye da ciwon juye, ga ƙarancin sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin B12. Mason da kansa bai gamsu ba. Ya so aikin da ba ya kauce wa komai, sai ya ɓullo da wani a farkon shekarun 1980: a ɗinke tumbi a tsaye da na'ura mai ƙananan ƙarafa, a bar siririyar jaka, a zagaye mafitarta da ɗamara don kada ta buɗe. Abinci zai bi hanyarsa ta asali, amma ta ƙofar da faɗinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Cikin 'yan shekaru ya zama aikin da aka fi yi a Amurka.

A nan ne ayis kirim ya shiga tarihin tiyata. Nama yana tsayawa a ƙofar, burodi yana tsayawa, ganye da tuffa suna tsayawa, mutum ya ji kamar an danne masa ƙirji, wani lokaci ya amayar. Ayis kirim kuwa narkewa yake yi ya wuce abinsa. Haka cakulan, da madara mai zaƙi, da lemon kwalba, da busasshen soyayyen dankali mai ƙus-ƙus da ke narkewa a baki. Ba sai an koya wa kowa ba, jiki ya san inda yake jin zafi. Majinyata suka bar abinci mai gina jiki suka koma kan kayan kwalam da maƙulashe, nauyi ya fara hawa, ɗamarar kuwa tana nan daram.

Harvey Sugerman na kwalejin likitanci da ke Richmond a jihar Bajiniya ya auna wannan a wani gwaji da ya wallafa a 1987. Ya raba mutum 40 ta hanyar ƙuri'a, rabi ɗamara rabi baifas, bayan an ware masu shan zaƙi da waɗanda zaƙi bai dama ba. Bayan shekara uku masu baifas sun zubar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da ya yi musu yawa, masu ɗamara kuwa ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. A cikin masu ɗamarar, masu shan zaƙi ne kurar baya. A cikin masu baifas, shan zaƙi bai kawo wani bambancin a zo a gani ba.

Fassarar da aka yi wa sakamakon ta dace da tunanin zamanin: baifas ta yi gaba ne saboda tana hukunta mai laifi. Ka sha zaƙi, ciwon juye ya kama ka, gobe ba ka ƙara ba. Shekaru da dama ana gaya wa majinyata cewa ciwon alheri ne, mai gadi ne aka ajiye musu a ciki. Takardun abinci suka cika da haramci na har abada: ba suga, ba burodi, ba shinkafa, ba soye-soye. Fassarar tana da daɗin faɗa, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Da aka kwatanta masu baifas da ke fama da ciwon juye da waɗanda ba sa yi, ba a ga masu ciwon sun fi ramewa ba. Ciwon ma yakan lafa wa mutane da yawa bayan shekara ɗaya ko biyu.

A daidai wannan lokaci, a San Diyego, wani likita da ba ya riƙe wuƙa yana tono wani ɓangaren. Vincent Felitti, shugaban sashen riga-kafi na Kaiser Permanente, ya lura a tsakiyar shekarun 1980 cewa masu gudu daga shirinsa na rage ƙiba, da yawansu su ne waɗanda shirin ke karɓa. Shi da abokan aikinsa suka zauna da mutum 286 ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kimanin rabinsu an yi lalata da su suna yara. Abinci ne maganin da suka samar wa kansu, rama kuma ta bar su a fili. Wannan ya haifi babban binciken wahalhalun ƙuruciya da aka yi wa mutum fiye da 17,000, wanda ya fito a 1998. Ba kowane mai ƙiba ke da irin wannan tarihi ba, gado da muhalli suna da nasu babban kaso. Amma tun daga nan ya yi wuya mai hankali ya ce kwanon taliyar da mutum ke nema da tsakar dare kwaɗayi ne kawai.

A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka kira taro suka kafa ƙa'idar tiyatar ƙiba: a yi wa wanda ma'aunin nauyi da tsawonsa ya kai 40, ko 35 idan akwai ciwo irin na suga, kuma sai masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa sun shiga cikin masu tantance shi. A 1993 Alan Wittgrove da Wesley Clark suka yi baifas ta ƙananan huji da kyamara a San Diyego. A shekarar ce kuma Mitiku Belachew, haifaffen Habasha da ke aiki a Beljiyam, ya sa zoben tumbi ta wannan hanya, zoben da ake matsewa ko a sassauta da ruwan gishiri ta ƙarƙashin fata. Zoben ya yi tashe bayan Amurka ta amince da shi a 2001, sannan ayis kirim ya kayar da shi kamar yadda ya kayar da ɗamarar Mason.

Da yankan ya ƙanƙance, sai tsoro ya ragu. Daga kimanin aiki 16,000 a shekara a farkon shekarun 1990, Amurka ta haura 100,000 a 2003. Mawaƙiya Carnie Wilson ta bari aka nuna tata tiyatar a intanet a 1999. Al Roker, mai karanta hasashen yanayi a tashar NBC, an yi masa a 2002, daga baya kuma ya faɗa da bakinsa a talabijin cewa wata guda bayan aikin, yana fadar shugaban Amurka, ya ci abin da bai kamata ba, cikinsa ya ci amanarsa kafin ya kai bayi. An yi wa Diego Maradona baifas a Kartahena ta Kolombiya a 2005, ya rame har da ƙyar ake gane shi, sannan aka sake yi masa aiki a Benezuwela a 2015. Ita ma Wilson nauyi ya dawo mata, aka ɗora mata zobe a 2012.

Abin da ya rushe tunanin hukunci daga ɗakin bincike ya fito. Walter Pories na Karolina ta Arewa ya wallafa a 1995 cewa cikin majinyatansa 608, mafi yawan masu ciwon suga sun rabu da shi, wasu cikin kwanaki, tun kafin su rame. Ƙanƙantar jaka ba za ta iya yin wannan ba. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano girelin, sinadarin da saman tumbi ke fitarwa ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa. Aka kuma gano cewa idan abinci ya isa ƙarshen hanji da wuri, hanjin yakan kwararo sinadaran ƙoshi irin su GLP-1. Tiyatar siliv, wadda ke cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ta bar siriri mai siffar ayaba, ta fara ne a matsayin zangon farko na aiki mai zango biyu ga masu nauyin da ya yi yawa ainun. Michel Gagner da wasu suka ga da yawa ba sa buƙatar zango na biyu. Yau ita ce aka fi yi a duniya, kuma ɓangaren da take cirewa shi ne masana'antar girelin.

To, marmarin yana mutuwa ne? A 2012 Alexander Miras da Carel le Roux a Landan suka zaunar da majinyata gaban kwamfuta: ka danna maɓalli a ba ka 'yar alawar cakulan, kowace alawa kuma sai ka ƙara yawan dannawa kafin ka samu ta gaba. Bayan baifas, wahalar da suke yarda su sha don cakulan ta ragu da rabi, wadda suke sha don kayan lambu kuwa ba ta sauya ba. A Lesta, cikin mutum 103 da aka tambaya a 2014, kusan uku cikin huɗu sun ce ɗanɗano ya canja musu, nama kuma shi ne abin da suka fi ƙyama. Sai masu bincike a Kofanhegan suka ƙi tambayar kowa, suka jera abinci iri-iri suka ce kowa ya ɗiba, kafin aiki da wata shida bayansa. Sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna abin da mutum ke ɗiba da, shi yake ɗiba yanzu, sai dai yawan ya ragu da kusan rabi. Na Kofanhegan ya fi kama da abin da ake gani a gidaje: wasu kaɗan suna rabuwa da tsohon marmari, mafi yawa suna nan da shi, cikin ne ba ya ɗauka.

Shi ya sa asibitoci da yawa suka bar haramcin har abada suka koma koyar da dawowa. Kwana ɗaya ko biyu na ruwa zalla, mako biyu na romo da madara da garin furotin, mako biyu na niƙaƙƙen abinci, sai ƙwai da kifi da wake mai laushi, zuwa mako na shida ko na takwas a fara abinci sosai. Furotin ake fara ci, aƙalla giram 60 a yini, domin jaka ta cika da shi kafin a zo kan sitaci. Ba a shan ruwa a kan abinci, sai bayan rabin awa. Bitamin kuwa har ƙarshen rayuwa. Abincin marmari yana zuwa daga ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, cokali biyu, a gida, ba a wurin biki ba. In ya tsaya, a bar shi makonni a sake gwadawa. Burodi mai laushi da shinkafa da taliya su ne masu taurin kai, domin sukan dunƙule su kumbura a jaka, har gasasshen burodi ya fi ɗanye saurin karɓuwa. Waɗanda ba sa tsayawa ko kaɗan, biskit da cakulan da ayis kirim, su aka fi sa wa ido. Masu shawarar sun kuma daina mamakin walimar bankwana da mutane ke yi wa abinci kafin ranar aiki, ko kukan da wasu ke yi a makonnin farko idan aka zuba abinci a gida su kuma aka miƙa musu kofi.

Gwajin gaske yana zuwa ne bayan shekara ɗaya da rabi, lokacin da yunwa ta fara dawowa. Babban binciken Suwidin da Lars Sjöström ya fara a 1987, mai mutum 4,047, ya nuna masu baifas suna zubar da kimanin kashi 32 cikin 100 na nauyinsu da fari, a shekara ta 10 kuma su tsaya a 25. Masu ɗamara sun koma 16, masu zobe 14. Mutuwa ta ragu da kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa aiki, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Abin da ke mai da nauyi galibi taɓe-taɓe ne, loma nan loma can duk yini. Akwai kuma barasa, wadda ke shiga jini da sauri bayan baifas. Wani bincike na Amurka da ya fito a 2012 ya ga matsalar sha ta ƙaru a shekara ta biyu.

Aikin ya daɗe da barin hannun Turawa su kaɗai. Kuwait da Saudiyya suna cikin ƙasashen da aka fi yin sa idan aka duba yawan jama'a, Turkiyya da Masar da Indiya kuma sun zama wurin zuwan baƙi. Da haka azumi ya shigo cikin lissafi. Mai jakar da ba ta ɗaukar kofin ruwa a tashi ɗaya, yaya zai yi ya sha abin da zai ishe shi tsakanin magariba da asuba, ga dabino da kayan zaƙin buɗa-baki suna jiran cikin da ya yini fayau? Ƙwararrun da suka haɗa ra'ayi a 2021 sun ba da shawarar a jinkirta azumi wata shida zuwa shekara bayan aiki, a kuma yi shawara da likita kafin a ɗauka. Bahaushen da aka yi wa aikin a Alƙahira ko Indiya kuwa zai dawo da takardar da ba ta san tuwo ba. Tuwo sitaci ne dunƙulalle, ana haɗiye shi ba tare da wata tauna ba, a kora da ruwa, wato ya karya ƙa'ida uku a loma ɗaya. Fura da kunu masu suga suna ajin ayis kirim. Alale da farfesun kifi da kindirmo marar suga kuwa tun a matakin abinci mai laushi suke shiga.

A 2022, shekarar da aka yi aiki kusan 280,000 a Amurka, ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙiba suka sauko da ƙa'idar 1991 zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Amma a lokacin wani abokin takara ya riga ya shigo. Wegovy, wadda aka amince da ita a 2021, da Zepbound a 2023, allurai ne na mako-mako da ke kwaikwayon sinadarin ƙoshin da baifas ke sa hanji ya kwararo. Masu amfani da su suna ba da labarin da masu tiyata suka daɗe suna bayarwa: soye-soye na tayar da zuciya, rabin faranti ya isa. Bambancin shi ne allura ana iya daina ta, kuma a wani gwaji waɗanda suka daina sun mai da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. Yanzu ma wani sabon rukuni ya bayyana a asibitocin, na waɗanda aka yi wa siliv ko baifas shekara 10 da suka wuce, nauyi ya fara hawa, likitoci suna rubuta musu allurar a kan tiyatar.